An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Kariya Ga Mai Gidan Gem

Ranar da aka rufe gidan gem na unguwarmu a Kuyello, ina tsaye a bakin hanya ina kallon mai shagon yana loda talabijin uku a kura, tare da wani kwali cike da wayoyi da faya-fayai. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ɗaga kai daga kan tabarmarsa ya ce, "Allah raka taki gona." Abokan zamansa suka yi dariya. Ladabi ya hana ni cewa uffan a ranar. Wannan rubutu shi ne amsar da na haɗiye, kuma ina neman afuwar iyayena dattawa tun daga farko, domin zan saɓa musu.

Ni da na'urar da ke cikin wancan kwali sa'o'in juna ne. Kamfanin Sony na Japan ya fitar da PlayStation 2 a shekarar 2000, ya sayar da fiye da guda miliyan 150 a duniya, sannan ya daina ƙera ta a farkon 2013. Lokacin da yaran Turai suka gama yayinta suka koma kan sababbi, sai ta shigo jirgin ruwa cikin kayan gwanjo ta sauka Legas. Daga kasuwar Alaba dillalai suka hauro da ita Kano da Kaduna, daga nan ta gangaro garuruwa irin namu. A kanta muka buga Winning Eleven, muka san sunayen birane irin su Milan da Madrid tun kafin malamin labarin ƙasa ya nuna mana su a taswira. Sana'a ce ta tsiro a kan abin da wasu suka zubar: akwai mai sarowa, da mai gyara, da mai ɗura wasanni, da mai shagon da ke karɓar kuɗin kowane wasa. Yau wannan sana'a tana mutuwa, kuma waɗanda ya kamata su yi mata jaje su ne ke yi mata guɗa.

Bari mu fara da lissafi, domin a nan ne aka fi zaluntar mai gidan gem. Ana cewa ya cika son kuɗi, tunda wasan da muka buga a kan naira 20 muna yara ya koma 50, har ya nemi ya mayar da shi 100. To, shagonsa da janareta yake aiki. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, wato ranar da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cire tallafin man fetur, farashin lita a gidajen mai na gwamnati bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya kai wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ya haura 1,000. Wannan farashin birni ke nan. Mu da muke saye a hannun 'yan bumburutu kullum namu ya ɗara haka. Mai shagon unguwarmu yakan ƙona lita uku daga la'asar zuwa dare. A da, wasa goma sha biyu a kan naira 50 sun biya masa kuɗin mai. Da lita ta kai 1,000, sai an buga wasa sittin kafin ya mayar da kuɗin man kawai. Talabijin uku gare shi, kowane wasa minti goma. Ke nan fiye da awa uku injin yana kuka, shi kuwa ko sisi bai shiga aljihunsa ba, ga kuɗin haya, ga baƙin mai, ga iyali a gida. Idan ya ƙara farashi, yaron da uwarsa ke neman kuɗin awo ba zai zo ba. Idan bai ƙara ba, uwar kuɗin ce za ta narke. Ina son kuɗi a nan?

Na biyu, babu ko ƙusa ɗaya a jikin wannan na'ura da ake ƙerawa a Nijeriya, don haka farashinta yana bin dala sau da ƙafa. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, sai ga dala ta wuce 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Hannun gem da yara ke murzawa daga safe har dare ba ya daɗewa. Idon na'ura mai karanta faifai yana mutuwa. Wutar janareta mai hawa da sauka tana ƙona kayan ciki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da dala ake shigo da shi, sannan a ɗora masa kuɗin mota a kan hanyoyin da direba ke bi da ransa a hannu.

Na uku shi ne wanda mutanenmu ba su cika sani ba. Tsohon wasan da muke kira gwanjo ya zama kayan ado a ƙasashen da suka zubar da shi. Yaran da suka buga shi a Amurka da Turai sun girma, sun yi kuɗi, sun dawo suna neman ƙuruciyarsu, musamman tun zaman gida na annobar korona a 2020. A watan Yulin 2021 an yi gwanjon wani kaset na Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba, a Amurka, a kan dala miliyan 1.56. A unguwar Akihabara ta birnin Tokyo, baƙi daga ƙasashen waje suna tururuwa shagunan tsofaffin wasanni suna kwashe kaya saboda kuɗin Japan ya faɗi. Tun da masana'anta ta daina ƙerawa, abin da ya rage a duniya raguwa yake yi kullum. Mai dala yana saye don ya jera a kanta ya yi kallo, mai naira yana nema don ya ci abinci, kuma kasuwa ɗaya suke shiga. Kowa ya san wanda zai fita da kaya.

Nasihar da aka saba yi ita ce ya bi zamani ya sayi sabuwa. PlayStation 5 ta fito a Nuwamban 2020 a kan dala 499. A lissafa wannan da farashin dala na 2024, za a ga ta haura naira 700,000, kafin a yi maganar talabijin da ta dace da ita da intanet da take nema don sabunta wasanninta. Wanda ya san Birnin Gwari ya san abin da intanet ke nufi a wurinmu. A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu yankuna, har da namu, don yaƙar 'yan bindiga. Aka hana hawa babur, aka dakatar da kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. A waɗancan makonni wayar hannu ta zama fitila kawai. Tsohuwar na'urar nan ba ta neman sabis ko data, wuta kaɗai take so, kuma duk ranar da aka samu ɗan mai, ita ce ke tara matasa wuri ɗaya. Tsufanta ne ya sa ta dace da mu.

Yanzu sai in zo kan tuhumar dattawa, kuma ba zan yi ƙarya don in kare abin da nake so ba. Gaskiya ne an sami yara da suka gudu daga makaranta suka ɓuya a gidan gem. Gaskiya ne an sami wanda ya ɗauki canjin cefane ya kai can; ni kaina na sha bulala a kan haka, kuma na cancanta. An sami shagunan da aka yi caca a kan wasa, da waɗanda ladan ke kira injin na ruri. Duk wannan laifi ne. Sai dai magani ya kamata ya dace da ciwo. Kasuwa ma akwai mai tauye mudu, ba mu taɓa cewa a rushe kasuwa ba. Sarkin Kasuwa muke naɗawa ya sa ido. Mai shagon unguwarmu yakan kashe inji da kansa idan an kira magariba, yakan kori duk yaron da ya shigo da kayan makaranta kafin a tashi. Babu wanda ya taɓa yaba masa, kuma ranar da ya tafi, shi da mai gidan caca kuɗin goro aka yi musu.

Tambayar da nake so dattawa su amsa ita ce: da aka rufe, ina yaran suka koma? Ba mu da ɗakin karatu. Shekaru da dama gonar da ke nesa da gari ta gagari mai ita. Kuma ba asiri ba ne cewa daji yana neman matasa. A 2022 rahotanni sun yi ta fitowa a kan yadda 'yan ƙungiyar Ansaru ke zawarcin samari a gabashin Birnin Gwari, ga kuma 'yan fashin daji da ke biyan yara kuɗi su kai musu labari ko mai ko burodi. Ba na cewa gidan gem ne ganuwar gari. Wannan zai zama zuƙi-ta-malle. Abin da nake cewa shi ne, saurayin da ke zaune a kan benci yana gardamar ƙwallo, uwarsa ta san inda yake, ƙanensa na iya zuwa ya kira shi. Wanda ya kaɗaita da waya a lungu, yana cacar intanet ko yana sauraron wanda ba mu sani ba, babu mai iya kashe masa inji idan an kira salla. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa da hannunmu muke ƙara tsagar muna murna.

Akwai kuma ilimin da ke tafiya tare da waɗannan shaguna. Matashin da bai taɓa shiga kwalejin fasaha ba ya iya buɗe na'ura, ya narka dalma ya haɗa wayar da ta tsinke, ya sa manhaja a katin ajiya ta yadda wasa zai tashi daga filas ko da idon na'urar ya mutu. Da yawa daga masu gyaran waya da masu haɗa sola da na sani a benci irin wannan suka fara riƙe sukudireba. Muna kashe kuɗi muna taron koyar da sana'a a otal, alhali makarantar da ke koyarwa kyauta a bakin titi muna yi mata fatan mutuwa.

A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu. Idan da gaske ake son zaman lafiyar ya ɗore, to a tuna cewa matashi ba shanu kaɗai yake bukata ba. Ƙaramar hukuma ta sa masu gidajen gem cikin jerin masu ƙananan sana'o'i, a ba su rancen kayan sola, domin talabijin uku da na'ura uku ba su fi ƙarfin 'yan faranti da batir ba, kuma hakan zai yanke musu kuɗin mai. Masu shagunan su kafa ƙungiya, su zauna da mai unguwa da liman a rubuta ƙa'ida: babu buɗewa lokacin makaranta, babu caca, a kashe inji lokacin salla. Wanda ya karya, a rufe nasa shi kaɗai.

Mai shagon unguwarmu ya sayar da na'urorinsa biyu ga wani dillali a Funtuwa, ya riƙe ɗaya. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ƙanena, idan na sayar da wannan, ba zan ƙara iya sayen irinta ba har abada." Tana nan a ƙarƙashin gadonsa, a naɗe cikin tsohon zanen matarsa, shi kuma yana lebura a wurin haƙar zinariya a bakin daji, tare da uku daga cikin yaran da ke zama a kan bencinsa.