ZAUREN 'YAN MATA: Wai Na'ura Za Ta Raba Ni Da Shan Magani Kafin Biki?

 A wannan watan na jingine maganar gyaran jiki da muka faro, saboda wata wasiƙa da ta iso mini daga nan cikin birnin Katsina, wadda na ga ba ta jiran wani wata. Mai wasiƙar ta roƙe ni kada in faɗi sunanta ko unguwarsu, to ba zan faɗa ba. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Anti, shekaruna 19. Tun ina aji 2 na ƙaramar sakandare nake fama da farfaɗiya. Likita ya ɗora ni a kan magani safe da dare, yau wata 14 ke nan ban faɗi ba. An sa mini rana, kuma shi wanda zan aura bai san komai ba. Wata ƙawata ta turo mini bidiyo a WhatsApp na wata na'ura da ake sa wa mutum a kai tana horar da ƙwaƙwalwa, wai nurofidbak, wai idan an yi mutum ya rabu da magani. Ina da sarƙa da 'yan kunne na gwal da na gada wajen mahaifiyata, na yi niyyar sayarwa in bi kawuna Alƙahira a yi mini kafin biki. Don Allah yaya ake yin abin? Da zafi? Ba na so ya ga ina shan magani a ɗakina."

Ƙanwata, Allah Ya ƙara lafiya. Ki ajiye gwal ɗin nan tukuna, ki gyara zama in gaya miki yadda abin yake.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam da 'yar wutar lantarki take aiki, wata ƙanƙanuwa wadda ko jinta ba a yi. Wani likita Bajamushe mai suna Hans Berger shi ne ya fara ɗaukar hotonta a jikin mutum a 1924, ya bayyana wa duniya a 1929. Shi ne asalin gwajin da ake kira EEG, wanda ina jin an taɓa yi miki kafin a ɗora ki a kan magani. Idan aka zana wutar a takarda sai ta fito kamar igiyar ruwa, tana hawa tana sauka. Wadda ba ta kai bugu 4 a daƙiƙa ba ita ce ta barci mai nauyi. Daga 4 zuwa 8 ta gyangyaɗi ce. Daga 8 zuwa 12 ta mutumin da ya lumshe ido hankali kwance. Abin da ya haura 13 kuwa na wanda ya duƙufa ne a kan lissafi ko tunanin saurayi ya hana shi sakat.

To shi wannan horon da kika gani, dabararsa ita ce a nuna wa mutum wutar kansa a allon kwamfuta, ana ba shi tukuici duk lokacin da ta tafi yadda ake so, har ƙwaƙwalwar ta saba.

Ranar farko ba horo ake yi ba, tambayoyi ne: yaushe ciwon ya fara, wane magani kike sha, yaya barcinki. A wurare da yawa sai a sa miki wata hula mai maɓallai 19, a ɗura wani mai mai danƙo a ƙarƙashin kowanne don ya taɓa fatar kai. Nan fa aikin yake gare mu mata. Dole ki tsefe kitsonki, ki wanke kai tas, ba man kitso, ba man kwakwa, ba komai, don maiƙo yana hana na'urar ji. Bayan an gama kuma kan sai ya yi cakwal, sai an sake wanki. Tun da za ki cire ɗankwali, kina da damar ki ce mace kike so ta yi miki. Sauran ranakun abin ya fi sauƙi, waya 1 ko 2 ake liƙawa a kai, a maƙala wasu a kunne.

Zafi kuwa babu shi ko kaɗan. Ba allura, ba yanka, kuma ba wutar da ake sa miki. Wayoyin nan saurare kawai suke yi, kamar yadda likita ke ɗora abin sauraronsa a ƙirji. Za ki zauna a kujera kina kallon fim ko wani wasa a allo. Idan ƙwaƙwalwarki ta ba da irin bugun da ake nema, hoton ya yi haske, sauti ya fito sosai. Idan ta kauce, hoton ya dushe ko ya tsaya cak. Ba wanda zai ce miki yi kaza, ke ma ba za ki iya faɗin abin da kike yi ba. Ku tuna lokacin da muke koyon ɗaukar tulu ba riƙewa. Wa ya taɓa koya mana da baki? Ruwa ne yake zubo mana a wuya, wuyan ya gyara da kansa, har wata rana muka ga muna tafiya muna hira tulu na bisa kai. Haka masu abin suke fatan ƙwaƙwalwa ta yi.

Kowane zama yana cin minti 30 zuwa awa 1, sau 2 ko 3 a mako, kuma yawanci sai an yi zama 20 zuwa 40. Ki lissafa da kanki, kusan wata 2 ne zuwa 5. Kowane zama da kuɗinsa, ga jirgi, ga masauki, ga ci da sha a ƙasar mutane. Wasu suna tashi da gajiya ko ciwon kai, wasu barcinsu ya rikice na kwana biyu.

Yanzu mu zo ga tambayar da ba ki yi ba, wadda ita ce babba: shin yana aiki?

Labarin yadda abin ya haɗu da farfaɗiya yana da daɗin ji, har ya yi kama da irin wanda muke rubutawa a littafi. A shekarun 1960 wani masani a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles a Amurka, Barry Sterman, yana gwaji da kyanwoyi. Duk lokacin da ƙwaƙwalwar kyanwa ta ba da bugu 12 zuwa 15 a daƙiƙa sai a ba ta madara, har suka iya. Daga baya aka ba shi wani aiki daban, ya gwada gubar man roka wanda ke sa farfaɗiya. Sai ya lura kyanwoyin da suka sha wancan horon sun fi sauran jurewa. A 1972 ya ba da rahoton wata budurwa mai farfaɗiya da aka yi wa irin horon, faɗuwarta ta ragu.

Amma ƙanwata, daga 1972 zuwa yau an haura shekara 50, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan masu farfaɗiya ƙanana ne, mutane kaɗan kaɗan, akasarinsu waɗanda magani ya kasa riƙewa, kuma suna yin horon ne suna ci gaba da shan maganinsu. Abin da aka gani a wasunsu raguwar faɗuwa ne. Ke kuwa wata 14 ba ki faɗi ba. Wato maganinki ya riga ya ba ki abin da ya fi wanda na'urar ta ba su.

Inda aka fi tallata horon ma ba farfaɗiya ba ne, yara ne masu rashin natsuwa da kasa maida hankali a aji, ciwon da likitoci ke kira ADHD. A nan an yi gwaji mai kyau a Amurka, aka buga sakamakon a 2021. Yara sama da 140 aka raba kashi biyu. Kashi ɗaya aka yi musu na gaskiya. Ɗaya kashin aka liƙa musu wayoyi, aka zaunar da su gaban allo, amma abin da allon ke bi ba wutar kansu ba ce, wadda aka riga aka ɗauka ce aka ajiye. Yaran ba su san wane kashi suke ba, iyayensu da malamansu ma haka. Da aka gama sai aka ga duka kashi biyun sun sami sauƙi, kuma kusan daidai wa daida. A ƙarshen 2024 wasu masana suka tattara gwaje-gwaje 38 suka duba, su ma ba su ga wani amfanin a zo a gani ba. Ni abin da na fahimta, yaron da aka zaunar sau 30 ana kula da shi, ana yaba masa, ana lura da barcinsa da cinsa, ai dole a ga canji, ko da na'ura ko babu. Masu bidiyon WhatsApp ba za su gaya miki wannan ba, su dai a nuna mace tana murmushi da hula a kai.

Ban ce yaudara ce zalla ba. Akwai likitocin kirki da ke amfani da shi a matsayin ƙari, kuma a 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura irin wannan don taimaka wa masu fama da firgici bayan bala'i, ita ma a haɗa da sauran magani. Amma duk wanda ya ce miki na'urarsa tana warkar da farfaɗiya, da ciwon damuwa, da mantuwa, da rashin barci, har da faɗuwa jarrabawar WAEC, to ki riƙe jakarki da kyau. Wanda ya ce ki daina magani kuwa, ki tashi ki bar masa ɗakin.

Wallahi wannan ne ya hana ni barci da na karanta wasiƙarki. Yanke maganin farfaɗiya rana ɗaya yana iya jawo faɗuwa a jere ba farfaɗowa, kuma ana rasa rai ta haka. Ga shi makon biki shi ne mafi haɗari, daga kamu zuwa kai amarya ba barci, ba cin abinci a kan lokaci, ga hayaniya ga kuka, kuma rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Ki zaɓi ƙawa ɗaya mai riƙe sirri, aikinta kawai ta tuna miki magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har 70 cikin 100 za su iya zama ba faɗuwa idan suka sami magani daidai. Ta kuma ce idan mutum ya shekara 2 bai faɗi ba, likita yana iya duba yiwuwar rage masa magani sannu a hankali. Kin ga saura wata 10 ki kai inda za a fara wannan maganar, ba tare da kin sayar da ko zobe ba.

Abin da za ki yi kafin a kawo lefe shi ne ki koma wajen likitanki. Ga Asibitin Koyarwa na Tarayya nan cikin gari, wanda har yanzu bakinmu ya fi sabawa da ce masa FMC, ga na Janar Amadi Rimi, idan kuma an ga ya kamata a tura ki Asibitin Malam Aminu Kano wajen likitocin ƙwaƙwalwa, tafiyar yini ɗaya ce ki je ki dawo. Ki gaya masa aure za ki yi, kada ki ji kunya. Dalili kuwa, akwai maganin farfaɗiya irin su Epilim da ke iya cutar da jariri a ciki, likita yakan so ya canza shi tun kafin a sami rabo, ya kuma ɗora mace a kan folik asid. Tegretol kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Ki tafi da kwalin maganinki a hannu, ki kuma nuna masa bidiyon nan ki ji abin da zai ce.

Saura maganar angon. Na san abin da kike tsoro, ba shi kaɗai ba, har da dangin miji, da masu cewa aljanu ne, da masu gudun yawun mai farfaɗiya alhali ba a ɗaukar ciwon ta yawu ko ta taɓawa. Amma ƙanwata, maganin safe da dare ba ya ɓoyuwa a ɗaki ɗaya. Kuma mutumin da zai kwana kusa da ke shi ya fi kowa buƙatar ya san abin yi: ya kwantar da ke ta gefe, ya sa abu mai laushi ƙarƙashin kanki, kada ya tura cokali a bakinki, kada ya ɗura miki ruwa ko rubutu sai kin farfaɗo sarai, idan abin ya wuce minti 5 ya nufi asibiti. Ni a ganina ki sa babba ya gaya masa, yayarki ko gwaggonki, ko ku je wajen likitan tare ya ji daga bakinsa. Gara ya ji yanzu da akwatuna ba su shigo gida ba.

Ki sake rubuto mini bayan kin ga likita, ki faɗa mini sunan maganin da kike sha. Sauran masu wasiƙu ku yi haƙuri, musamman 'yan aji 6 da suka yi tambaya a kan ciwon mara lokacin jarrabawa, da ku za mu fara a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.