Katakonmu na tafiya Duwala, mu muna gasuwa a ƙarƙashin kwano

Malam Edita, 

Ni kafinta ne a Kilomita Biyar, Bangi. Tun bayan rikicin 2013 da 2014 ake sake gina gidajen da suka rushe a unguwarmu, amma kowa bulo da kwano ya sa gaba. Da azahar a watan Maris ɗakin kwano tanderu ne, jariri ma ba ya iya barci ciki.

Abin da ke cin raina, manyan motoci na kwashe gumagumen sapeli da loko daga dazukan Lobaye zuwa Duwala, mu ragowar muke saya da tsada. Kakanninmu da suka zo daga Kano da azara suka san rufi, ga zaure, ga inuwa. Haka ma gidan katako da aka ɗaga bisa dutse saboda gara da ruwan damina, mai rumfa da tagogi faffaɗa, yana shan iska da kansa.

Ina roƙon ku aiko wakili ya ga aikin kafintocinmu. Hukuma kuma ta ware mana wani kaso na katakon, ta tilasta wa masu sara su dasa.

Naka,
Wani kafinta, Kilomita Biyar