Kwalbar Wankin Inji Ba Ta Gyara Sakacin Shekaru

A shagunan kayan mota na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, ana jera ƙananan kwalabe da ake cewa suna wanke inji su mayar da shi sabo. Kanikawa da dama sun ɗauki zuba su a matsayin wani rukuni na juyen mai, waɗansu ma kananzir ko dizal suke ɗurawa don arha. Wannan al'ada ta fi amfanar mai sayarwa, kuma sau da yawa ita ce ajalin injin da aka zo ceto.

Baƙin man zamani yana zuwa da kayan wankinsa. A cikinsa akwai sinadaran da ke hana dauɗa maƙalewa, da masu riƙe ta har ranar juye, da masu hana ƙarafa cin juna. An auna kowannensu da awo. A ƙarƙashin ma'aunin API SP, wanda ya fara aiki a 2020, an taƙaita fosfaras ga kashi 0.08 cikin ɗari a mai irin 5W-30, domin yawansa yana lalata na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Wanda ya ƙara kwalbar da bai san haɗinta ba ya rushe wannan awo. Shi ya sa littattafan masu motocin Honda suke bayyana cewa injin ba ya bukatar ƙarin sinadari a mai. Alkawuran da ke jikin kwalba ma ba hujja ba ne: a 1997 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta hana masu Slick 50 ci gaba da iƙirarin da ba su da shaidarsa.

Haɗarin ya fi girma a tsohon injin da dauɗa ta daskare a cikinsa, wato wanda aka fi yi wa tallar wankin. Sinadari mai ƙarfi yana ɓamɓaro dauɗar gunduwa-gunduwa, ta gangara ƙasa ta toshe rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta. Da zarar matsin mai ya faɗi, ƙarafa sun fara gugar juna, cikin mintoci inji ya buga. Kananzir da dizal kuwa tsinka man suke yi, kuma ba sa fita gaba ɗaya. Ragowarsu na gauraya da sabon man da aka saya da tsada.

Masu kare wankin suna cewa sun ga baƙin ruwa ya fito. Ai tsohon mai dama baƙi yake fitowa. Duk da haka, wankin yana da gurbinsa idan dauɗar kaɗan ce kuma aka kiyaye ƙa'ida: a zuba a inji mai ɗumi, a bar shi a silo iya mintocin da aka rubuta a kwalbar, kada a hau titi, a juye man da zafinsa, a sauya filta. Maganin wanke hanyoyin fetur kuma tanki ake zuba shi, ba ya shiga baƙin mai. Injin da dauɗa ta cika, sai an kwance murfin sama da kaskon mai an wanke da hannu.

Ƙurar hunturu da zafin bazara da cunkoson gari suna gajiyar da mai da wuri, don haka kuɗin kwalba gara a kashe shi a kan mai na ainihi da filta mai kyau da juye a kan kari. Duk bakaniken da ya miƙo kwalba, mai mota ya nemi a buɗe murfin inji a nuna masa dauɗar da za a wanke tukuna.