Tsinin Takalmi Ba Shaidar Ƙwarewa Ba Ne

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a bakin masu koyar da rawa da masu sayar da kayanta, kuma waɗanda take cutarwa su ne waɗanda ake ganin sun fi kowa sa'a. Cewa ake yi yarinyar da ta taɓa koyon rawar bale, in za ta fara rawar Latin, ba ta da bukatar takalmin 'yan koyo. Ta wuce kai tsaye ta sayi na 'yan gasa, mai siririn tsini inci 3, tunda ƙafarta ta riga ta horu da tsayuwa a kan yatsu. Maganar tana da daɗin ji, domin yabo ce aka naɗe a cikin shawara, shi ya sa ba a cika tsayawa a bincike ta ba. Rawar Latin ba ta cikin raye-rayen da aka gada a Abaji, amma matasan garin suna karatu a Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, suna shiga birni, suna haɗuwa da masu yi wa ƙasa hidima da suka zo daga Legas da Fatakwal, kuma waya ta kawo darasin rawar har cikin ɗaki. Tare da darasin ne wannan shawara take shigowa. Ra'ayina shi ne kuskure ce, kuma a gari irin Abaji kuskuren ninki biyu ne.

A ɗauki takalmin a juya shi tukuna. Ƙasansa ba roba ba ne, ba kuma fata mai santsi ba. Wata fata ce mai laushi da ɗan kaushi kamar gashin da bai gama fitowa ba, wadda ke barin ƙafa ta juya ba tare da ta zame ba. Gaban na mata buɗe yake, ana so yatsu su kai har bakin gaɓa, har ma babban yatsa ya ɗan leƙa. Ƙarfen da ke tsakiyarsa gajere ne don ƙafa ta samu lanƙwasa. Na mata tsininsa yakan kama daga inci 2 zuwa 3, wani siriri, wani kuma mai faɗi daga ƙasa. Na maza yana da dunduniya mai kauri ta kusan inci ɗaya da rabi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi don ado. An tsara su ne don raye-raye biyar da ake gasa a kansu, wato ca-ca-ca da rumba masu tushe a Kuba, da samba ta Brazil, da faso dobile mai kwaikwayon wasan bijimi na Sifen, da jaif ta Amurka. Turawan Ingila ne suka ɗauko su suka yi musu ƙa'ida. Littafin Walter Laird na 1961 har yau ana koyarwa da shi, kuma babbar gasar Blackpool tana gudana tun 1920 a kan daɓen katako. Wannan katako a riƙe shi, domin rabin maganar a kansa take.

Ita kuwa bale tarbiyya ce daban tun daga tushe. A fadar Faransa ta girma, inda Sarki Louis na 14 ya kafa mata makaranta a 1661, kuma burinta shi ne jiki ya yi sama, ya zama kamar ba shi da nauyi. Ana buɗe ƙafafu waje tun daga ƙugu, ana riƙe kwankwaso kada ya motsa, ana ɗaga kai da ƙirji. Rumba da ca-ca-ca akasin haka suke nema. Nauyi ake dannawa cikin ƙasa, a kan tudun da ke ƙarƙashin yatsu, ta gefen ciki. Gwiwa ta miƙe, ƙugu ya zauna ya juya, buɗewar ƙafa kaɗan ce. Wadda ta shekara biyar ana hana ta motsa ƙugu yanzu an ce ta sake shi, wadda aka koya wa guje wa ƙasa yanzu an ce ta tura ta. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma canjin nan ba a rana ɗaya jiki yake karɓarsa ba. A daidai lokacin da jiki ke warware tsohon sabo yana ɗaura sabo, ɗora shi a kan tsinin da faɗinsa bai kai kan yatsa ba ƙara masa aiki ne na uku, alhali bai gama da biyun farko ba.

Za a ce ai ƙafar mai bale ta fi ta kowa ƙarfi, kuma wadda ta iya tsayuwa a kan ƙarshen yatsu inci 3 ba komai ba ne a wurinta. Ƙarfin gaskiya ne, ba na musu. Sai dai a duba yadda ake amfani da shi. Mai bale tana hawa kan yatsu ta sauko, ta sake hawa ta sauko, kuma kowace saukowa dunduniya tana taɓa ƙasa, gwiwa ta lanƙwashe, jijiyar agara ta miƙe ta huta. Duk malamin bale na kirki yana faɗa a kan wannan saukowa. A cikin takalmi mai tsini babu saukowa. Sa'a guda ko biyu agara tana takure, nauyi yana kan gaban ƙafa, ba hutu. Ƙari a kan haka, abin da bale ke bai wa ƙafa har da laushin idon sawu da zurfin tsakiyar tafi. Laushin nan kyau ne a kan dandamali, amma idon sawun da ke lanƙwasa cikin sauƙi shi ne kuma wanda ke saurin kifewa gefe in tsini ya karkace, kuma gurɗewar idon sawu tana cikin raunukan da suka fi samun masu rawa a ko'ina. Zurfin tafin kuma yakan bar rata tsakanin ƙafa da takalmi, ƙafa ta riƙa zamewa gaba, yatsu su dunƙule suna neman abin kamawa. Wato abin da ake kafa hujja da shi, shi ne dalilin da ya sa ya kamata ta fi wasu taka-tsantsan. Abin da ya fi damuna ma shi ne ƙwarewarta tana ɓoye matsalar: tana da daidaiton da zai hana ta faɗuwa, sai ta ci gaba da rawa da nauyinta a baya ko a sama, malami yana ganin kyau yana tafi, kuskuren yana kafuwa.

Sai maganar ƙasa, wadda masu wannan shawara ba sa ko ambata, don a zuciyarsu kowa a kan katako yake rawa. A Abaji da Yaba da Nuku, har ma da yawancin wuraren taro na Gwagwalada, daɓen siminti ne, ko tayil, ko bulon da ake shimfiɗawa a tsakar gida, ko ƙasa tsurarta. Siminti yana cinye laushin fatar nan kamar yadda dutsen washi ke cin wuƙa. Tayil yana da ramin haɗi tsakanin kowane biyu, kuma siririn tsini yana faɗawa ciki daidai lokacin juyi. Da damina danshi yana taurara fatar, da hunturu ƙurar da ke shigowa ta cike ta har ta koma santsi, sai an bi ta da burushin waya kafin ta sake kamawa. Kuma katakon ɗakin rawa yana ɗan lotsawa ya shanye ƙarfin taku, siminti kuwa mayar da shi yake yi ga gwiwa da baya. Takalmin da aka ƙera don Blackpool, aka biya shi da dala ga kuɗin kawowa, in aka sauke shi a kan wannan daɓe ba ya yin aikin da aka saye shi dominsa, kuma ba ya daɗewa.

Wasu kuma sukan juya maganar su ce to ai kaya ba su da muhimmanci, su kawo misalin Anthony Madu, yaron nan na Legas da bidiyonsa ya zaga duniya a 2020 yana bale ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti cikin ruwan sama. Baiwarsa ba abin gardama ba ce. Amma abin da ya biyo bayan bidiyon shi ne waɗanda suka san sana'ar suka yi hanzarin nema masa wurin da ya dace, har ya tafi makarantar Elmhurst da ke Birmingham. Ba wanda ya ce a bar shi a kan simintin tunda ya iya. 'Yan Koroso na Kano ma ba sa fita fili sai sun ɗaure kayan kacau-kacau a ƙafa yadda ya kamata, domin sun san kayan rawa ɓangare ne na rawar.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi. Ana cewa araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi gajeren takalmi yau, bayan 'yan watanni zai sake sayen dogo, ya biya sau biyu ke nan. A halin da ake ciki wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ban raina ta ba. Sai dai lissafin bai cika ba. Takalmin gasa da aka yi atisaye da shi kullum a kan siminti zai mutu kafin ranar da za a bukace shi, don haka sayen biyu yana nan ko ta wace hanya aka bi. Bambancin kawai shi ne wanne za a kashe, mai tsada ko mai sauƙi. Masu gasar kansu suna da takalmin atisaye daban, rufaffe, mai kaurin dunduniya. In kuma aka ƙara kuɗin maɗori ko na hoton ƙashi, da makonnin zaman gida bayan targaɗe, sai a ga wanne ne ainihin arahar.

Kuma takalmin farawa ba sai an yi odarsa daga waje ba. Ƙasar nan ba baƙuwar fata ba ce: Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya rubuta yadda takalman garin ke tafiya nesa a fatauci, fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetara Sahara, kuma har gobe dukawa suna aiki a Kurmi da Ƙofar Wambai, ga masu haɗa takalma na Ariaria a Aba. Na yarda shumeka na bakin titi ba zai iya daidaita siririn tsini na gasa ba, domin in ya kauce da ɗan kaɗan daga tsakiyar dunduniya takalmin ya zama tarko. Amma zai iya ɗaukar takalmi mai faɗin dunduniya inci ɗaya da rabi ko 2, mai maɗaurin da ke zagaye idon sawu, ya kankare ƙasansa da sanfefa, ya shafa gam a ɓangarorin biyu, ya bari ya sha iska, ya manna fata mai kaushi, ya buga da guduma, ya bi gefe da reza. Wannan ya wadatar a kan tayil mai tsabta ko a kan falankin katako da aka shimfiɗa a ɗaki. A kan siminti mai kaushi kuwa fata mai tauri ta fi jurewa. Abin gudu shi ne kambas mai ƙasan roba, domin yana kama ƙasa ya ƙi juyawa, jiki ya juya ya bar ƙafa, gwiwa ta biya bashin.

Wajen awo ma sabon da muka yi na sayen takalmi da ɗan sarari a gaba yana yin ɓarna. Na rawa ana so ya kama ƙafa cif, don fata tana buɗewa da amfani, kuma a gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a tsaya a kan ƙafa ɗaya a gani ko tsinin yana rawa. Na gwanjo ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wata, sau da yawa ya karkace gefe guda. Ƙarin tsayi kuwa yana da alamar da za a jira: ranar da mai koyo za ta iya taka rumba a hankali daga farkon kiɗa zuwa ƙarshensa, nauyinta a gaba, ƙugunta a sake, yatsunta a shimfiɗe cikin takalmi, ta ƙara rabin inci. Malamin da ya ce ta tsallake wannan mataki saboda takardar shaidar bale da ta zo da ita, a tambaye shi a kan wane daɓe za ta yi atisaye.