Ina Ruwan Mutanen Sabo Da Lambun Agodi?

Wannan tambaya da na sa a kan maganata ta yau ba ni na ƙaga ta ba. Wani dattijo ne ya yi mini ita a bakin masallaci a Sabo, a nan Badun, sa'ad da ya ji ina yi wa wasu samari zancen itatuwan da aka sassare a gefen lambun Agodi. Ya ce, "Malam, mu da muka zo neman abinci, ina ruwanmu da dajin Yarbawa?" Na ce, "Baba, shekararka nawa a garin nan?" Ya ce ya ba arba'in baya. Na ce, "Ka taɓa shiga lambun?" Ya ce ko sau ɗaya. Alhali kuwa daga Sabo zuwa can, in mutum ya bi ta Mokola, tafiya ce da mai ƙafa yake yi bai gaji ba.

Ban ga laifin dattijon ba, domin yawancinmu haka muke. Amma a ganina kuskure ne, kuma zan faɗi dalilina.

Da farko ya kamata mu san cewa irin waɗannan lambuna ba don shan iska aka fara yin su ba. A 1887, zamanin Gwamna Moloney, Turawa suka buɗe wani lambun gwajin itatuwa a Ebute Metta, can Ikko, suka ɗauko wani ma'aikaci daga Jamaika ya kula da shi. A 1890 aka buɗe irinsa a Aburi ta ƙasar Gana, a 1892 kuma Jamusawa suka yi nasu a Biktoriya, garin da yanzu ake kira Limbe a Kamaru. Aikinsu ɗaya ne, watau a kawo iri daga wata ƙasa, a shuka, a ga ko zai yi, in ya yi a raba wa manoma dashe. Koko da kofi da roba duk sun bi ta irin wannan hanya. Ba don Allah Turawa suka yi ba, kowa ya sani, abin da masana'antunsu ke bukata suke nema. Duk da haka amfanin ya zauna a ƙasa bayan sun tafi.

Mu ma abin ya shafe mu tun daga tushe. A dā goron kirki sai an yi fatauci har Gwanja, wata da watanni a hanya da jakuna. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 ne manoman Agege da Ota suka rungumi dashen goron Gwanja, daga nan ya bazu har Shagamu da sauran ƙasar Yarbawa. Ba na cewa lambun gwamnati ne ya yi wannan aiki shi kaɗai, ƙoƙarin manoman ne da kansu. Amma zamani ɗaya ne, zamanin da ake ɗauko itace daga wata ƙasa a gwada shi a wata. Da jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kuma kai Kano bayan shekara goma, sai fataucin goro ya juyo nan. Abin da ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu ke nan. Ita kanta Sabo a 1916 aka kafa ta. Ashe ko zamanmu a Kurmi itace ne sanadinsa.

Haka kuma dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, da muke tinƙaho da shi a gida kamar tun fil azal namu ne. Asalinsa daga Indiya yake, ta Gana ya shigo, kuma a 1928 aka fara dasa shi a Barno. Yau wa zai iya kwatanta Maiduguri ba inuwarsa?

To, ina lambun Ebute Metta yanzu? Babu shi. Aikin gwajin ya koma Olokemeji, tsakanin Abeokuta da Badun, unguwar kuwa ta zama ta jirgin ƙasa da gine-gine. Duk wanda ya san cunkoson Ebute Metta da Oyingbo da tsakar rana ya san ko da kuɗin duniya ba mai iya mayar da lambu a wurin. Gida in an rushe shi ana sāke gina shi cikin shekara guda. Itacen da ya shekara sittin kuwa, in ya faɗi, wanda ya dasa madadinsa ba lalle ya sha inuwarsa ba.

Mu dawo Badun. An kafa lambun Agodi a 1967, shekarar da aka yi Jihar Yamma, kusa da sakatariyar gwamnati, a gindin tudun da otal ɗin Premier yake bisa. Filinsa ya kai eka 150. Aka haɗa gandun itatuwa da gidan namun daji wuri ɗaya, ga tafki, ga kuma daji ya kewaye shi. Rafin Ogunpa ta nan yake bi kafin ya gangara tsakiyar gari.

Wanda duk yake garin nan ran 31 ga watan Agusta 1980 ba ya bukatar a ba shi labarin Ogunpa. Zamanin Gwamna Bola Ige ne. Aka wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafin ya cika ya batse, ya kwashe gidaje da motoci da gadoji, mutane masu yawa suka rasu. Yarbawa har yau suna kiran abin omiyale, watau ruwa ya shigo gida. Lambun Agodi ma bai tsira ba, yawancin dabbobin ruwa ya tafi da su. Daga nan wurin ya shiga halin ni-'yasu, ya yi shekara talatin da wani abu ba mai kula da shi yadda ya kamata. Ran 26 ga Agusta 2011 ambaliya ta sāke auka wa Badun, aka yi hasarar rayuka fiye da ɗari. Sai a 2012, zamanin Gwamna Ajimobi, aka soma gyaran lambun, aka sāke buɗe shi a 2014.

Tambayata ga dattijon nan ita ce, ran da ruwa ya zo, ya tsaya ya tambayi wane ne ɗan gari wane ne baƙo? Rumfunan kasuwa da ya share, da kayan da ya lalata a Ogunpa da Dugbe, na kabila ɗaya ne? Wanda ke talla a ƙasa, da mai ɗinkin takalmi a gindin gada, da ɗan dako mai kwana a rumfa, su ne ruwa ke fara samu, kuma kowa ya san 'yan'uwanmu nawa ne ke cikin waɗannan sana'o'i.

A nan sai in yi adalci. Ba rashin itatuwa ne kaɗai ke kawo ambaliya a Badun ba. Zuba shara a rafi da yin gini a kan hanyar ruwa su ne manyan masu laifi, kuma mu ma muna zuba sharar, kada mu yi kamar ba mu sani ba. Amma daji a kan gangare yana da aikinsa. Ganye yana tare ruwan sama, saiwa tana riƙe ƙasa, ruwa ya riƙa sauka sannu a hankali. In aka sare aka zuba siminti da kwalta, duk ɗigon da ya faɗo a guje zai nufi rafi, ya kuma tafi da yashi ya cike hanyar. Wannan ba sai mutum ya je jami'a ba, duk manomin da ya ga zaizayar ƙasa a gonarsa ya san shi.

Garin nan ya riga ya yi hasarar daji guda a idon mutane. Dajin Agala, wanda ya rufe tudun da aka gina hasumiyar Bower a kai a 1936, jama'a suka far masa da gatari a shekarun 1990, lokacin da kananzir ya yi wuya. Ba gwamnati ce ta sare shi ba, talakawa ne, don tukunya. Ba na zagin kowa, yunwa ba ta da kara. Amma duk mai gasa tsire da mai sayar da itace da gawayi a cikinmu ya tambayi kansa daga ina kayan ke fitowa.

Sai ga shi a ƙarshen 2023 labari ya fito cewa Gwamnatin Jihar Oyo ta ba da wani sashe na dajin da ke jikin lambun Agodi don a gina rukunin gidaje. Masu kishin muhalli suka fito suka yi zanga-zanga, jaridu suka yi ta rubutu. Gwamnati ta ce lambun kansa ba za a taɓa shi ba, dajin kuwa ya zama maɓoyar miyagu. Maganar miyagu ba abin wasa ba ce, wanda ya taɓa bin hanyar da dare ya san akwai duhu. Amma maganin daji mai ɓarayi shi ne masu gadi da fitila da shinge. Kuma lambu da dajinsa kamar gida ne da katangarsa, in an ce ba a taɓa ɗaki ba amma an rushe katanga, mai gida ya san an taɓa shi. Bugu da ƙari, gidajen da ake ginawa a irin wannan wuri, tsakanin sakatariya da otal, ba ɗan haya mai ɗaki ɗaya ne zai shiga ba, ko Bayarabe ko Bahaushe.

Abin da ya dame ni shi ne, duk hayaniyar da aka yi, ban ji an ta da zancen a majalisunmu na Sabo ba, ko a bakin shago ko a bayan sallar Magariba. Na san dalili. Tun bayan abin da ya faru a kasuwar Sasa a watan Fabrairu 2021 mutanenmu suka ƙara ja da baya, kowa yana cewa baƙo ba ya sa baki a maganar gari. Akwai hikima a ciki, ban musa ba. Amma unguwar da ta haura shekara ɗari, wadda aka haifi uba da kaka a cikinta, ana biyan haraji ana jefa ƙuri'a, har yaushe za ta ci gaba da kiran kanta baƙuwa? Kuma in akwai maganar da za ta haɗa mu da maƙwabtanmu ba tare da rigima ba, to, ita ce maganar ruwa da inuwa. Mu da muka ga farin 1973, muka ga rairayi yana cin gonaki a arewacin Katsina da Sakkwato da Barno, mun fi kowa sanin yadda ƙasa take zama in itace ya ƙare.

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu, da sarakunan Hausawa da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Sabo da Ojoo da Bodija, su rubuta wa Gwamnatin Jiha cikin ladabi, su nemi a shata iyakar abin da ya rage na dajin, a buga ta kowa ya gani, a sa doka kada a ƙara yanka ko taƙi ɗaya. Su nemi a sa masu gadi. Su kuma nemi a rage wa 'yan makaranta kuɗin shiga, har da na Islamiyya da na allo, a kuma liƙa wa manyan itatuwan sunayensu, domin gandun itatuwa ba sunaye kamar littafi ne ba rubutu. In da hali a sa har da sunan Hausa, yaro ya ga rimi ya san rimi ne, tun da yawancin 'ya'yanmu da aka haifa a nan ba su iya bambanta kuka da tsamiya ba.

Malaman makarantunmu kuma ba sai sun jira gwamnati ba. Ranar Alhamis da ba karatun allo, a tara yara ashirin a kai su. Ni dai na yi wa dattijon nan alkawari, ran yawon Sallah mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan biya masa kuɗin ƙofa shi da jikokinsa. Ya ce zai je, amma da sharaɗin a samar masa wurin da zai shimfiɗa buzunsa in La'asar ta yi.