Daga Hong Kong zuwa Sabha: birkin injin da ke riƙe kaya a saman mutane

A ranar 28 ga Yuli 2022, wani ƙaton allon bidiyo mai nauyin fiye da kilo 500 ya tsinke daga sama a zauren Coliseum na Hong Kong, ana tsaka da wasan mawaƙan Mirror. Ya faɗa wa wani matashin ɗan rawa, ya ji masa mummunan rauni a wuya. Binciken gwamnati ya gano cewa igiyar ƙarfen da ke riƙe allon ta gaji, kuma nauyin da aka rubuta a takarda bai kai na gaskiya ba.

Labarin ya yi nisa da Fezzan, amma aikin iri ɗaya ne. Injin lantarki mai birki da ke ɗaga allo ko fitilu a dandalin wasa, ɗan'uwansa ne ke ɗaga siminti zuwa saman bene a Sabha, yana kuma naɗe ƙofofin manyan shaguna. A wuraren gine-gine na birnin da gonakin garuruwan kewaye irin su Zighan, da yawa daga masu wannan aiki 'yan ci-rani ne daga Damagaram, Maraɗi, Tawa da Kano, waɗanda suka biyo hanyar Agadas, Dirku da Gatrun.

Birkin irin wannan inji ya bambanta da na mota. A mota sai an taka yake kamawa. A nan kuwa sifirin ne ke matse shi a kulle kullum, wuta ce ke buɗe shi ta hanyar maganaɗisu. Da zarar an ɗauke wuta, birki ya kama, kaya su tsaya cak. A Turai, ƙa'idar EN 17206 ta 2020 kan injinan dandalin wasa ta ƙara tsauri: abin da ke motsi a saman mutane sai da birki biyu, kowanne zai iya riƙe kayan shi kaɗai.

Wannan tsari ya fi muhimmanci a kudancin Libiya, inda ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne. Tashar Ubari mai megawat 640, wadda kamfanin Enka na Turkiyya ya gina, ta samu tsaiko bayan sace injiniyoyi huɗu a Nuwamban 2017. A 2020 ƙarancin wuta na cikin abin da ya fito da mutane kan titi a Tarabulus, Bengazi da Sabha. Duk inda wutar kamfanin GECOL ke zuwa tana tafiya, ana komawa janareta, wanda a Nijar ake kira gurup, kuma a nan haɗari ke shigowa ta ƙofa uku.

Na farko, juyewar layi. Injin mai layi uku yana juyawa ne bisa jerin wayoyinsa. Idan aka musanya biyu wajen haɗa janareta, maɓallin sama ya koma ƙasa, makunnin da ke tsayar da inji a ƙarshen tafiya kuma ya daina aiki ta ɓangaren da ya dace. Ƙaramar na'urar duba jerin layi tana hana injin tashi a wannan hali.

Na biyu, inda aka ɗauko wutar birki. Masu gyara sukan jona ta kai tsaye a bakin injin. Idan akwai inbata mai rage gudu, wutar da ke isa birkin ba ta da ƙarfi a farkon tashi, sai inji ya yi ta kokawa da birki a kulle. Ko babu inbata, kayan da ke saukowa na iya ci gaba da juya injin, ya samar da 'yar wutar da za ta jinkirta kamawar birki. Shi ya sa ake ba birki nasa layin da nasa makunnin.

Na uku ya fi kowanne muni. Idan ƙaramar na'urar da ke ciyar da maganaɗisun ta ƙone saboda hawa da saukar wuta, birki ya ƙi buɗewa, aiki ya tsaya. Mai gini yana gaggawa, kayan gyara na Tarabulus, mai nisan kilomita sama da 700. Sai a sassauta notuna ko a ɗaure hannun sakin birki da waya. Inji zai yi aiki lafiya lau har ranar da wuta ta ɗauke da kaya a sama.

Wa zai ɗauki asara ranar? Dokar Libiya mai lamba 19 ta 2010 ta tanadi ɗauri ga wanda ya shiga ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, don haka leburan da ya karye ba ya kai ƙara, kuma mai gyaran da ba shi da takarda shi ne mafi sauƙin ɗora wa laifi. Nijar da Libiya sun sa hannu kan yarjejeniyar ƙwadago a Yamai a Nuwamban 2021, amma soke dokar 2015-36 da hukumomin Nijar suka yi a Nuwamban 2023 ya sake buɗe hanyar Agadas ba tare da ya ba matafiyi takardar aiki ba. Ga kuma ayyukan asusun sake gina ƙasa da Belgasim Haftar ke jagoranta tun 2024, waɗanda suka kai kudu suna neman hannu.

Kafin hukumomi su cike wannan giɓi, kariyar da ta rage tana hannun masu sana'ar. A san nauyin kaya kafin a ɗaga. A gwada birki kowace safiya da kaya a ɗan tazara daga ƙasa, ta hanyar yanke wuta da gangan. Kada kowa ya tsaya a ƙarƙashin injin mai birki ɗaya. Shugabannin al'ummar Hausawa a Sabha kuma za su iya mara wa duk mai gyaran da ya ƙi ɗaure birki baya, domin shi kaɗai ba ya iya ce wa mai gida a'a.