Kunne a Rediyon 'Yan Sanda: Tsakanin Abin da Aka Ji da Abin da Aka Tabbatar

A birane da yawa na Amurka, mutum yana iya zama cikin ɗakinsa ya buɗe waya, ya saurari 'yan sandan unguwarsu suna magana da ofishin da ke tura su aiki, a daidai lokacin da maganar take fitowa. Zai ji an ambaci titi da lambar gida, an siffanta wanda ake nema da launin rigarsa da tsawonsa, wani lokaci har da sunansa. Hanyar ba ta da wuya. Wani mai sha'awa yakan sayi na'urar kamo tashoshi da ake kira sikana, ya saita ta kan zangon rediyon oba-oba na 'yan sandan garinsu, ya haɗa ta da kwamfuta, sautin ya hau intanet. Shafin Broadcastify ya tara dubban irin waɗannan tashoshi na 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da motocin asibiti, kuma akwai manhajojin waya masu yawa da ke yin wannan aiki. Saboda haka ɗalibi a Kano ko Maraɗi yana iya kwana yana jin abin da ke gudana a wani gari na Amurka da bai taɓa takawa ba.

Al'adar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. 'Yan sandan Detroit sun fara aika saƙo ga motocin sintirinsu ta rediyo a 1928, kuma a 1938 wani mai ɗaukar hoto a New York da aka fi sani da Weegee ya sami izinin ajiye rediyon 'yan sanda a motarsa, har yakan riga jami'ai isa wurin da aka yi kisa. Dokar tarayya ta 1986 kan sirrin sadarwa ba ta hana sauraron rediyon 'yan sanda ba matuƙar a buɗe yake ga kowa, ko da yake wasu jihohi, irin su New York da Florida, sun taƙaita ajiye na'urar cikin mota. A Birtaniya lamarin akasin haka ne: dokar 2006 ta mayar da sauraron saƙon da ba a ba ka izini ba laifi, kuma rediyon 'yan sandan can a kulle yake da lambobin sirri. Ɗalibanmu da ke fita karatu su lura da wannan bambanci.

Abin da ya sa muka ɗauko batun shi ne muhawarar da ake yi yanzu a Amurka kan rufe waɗannan tashoshi, da kuma cewa tambayoyin da ke cikinta tsofaffi ne a wurin malamanmu. Amma kafin hukunci, a fara da sanin irin maganar da ake ji.

Ranar 15 ga Afrilu, 2013, bama-bamai biyu suka tashi a wurin ƙare gasar gudun yada ƙanin wani ta Boston. Mutum uku suka mutu, fiye da 260 suka ji rauni. A daren 18 ga wata zuwa wayewar 19, lokacin da ake farautar 'yan'uwan nan biyu da suka aikata ta'asar, dubun dubatar mutane suka kasa kunne ga rediyon 'yan sandan yankin ta intanet, suna rubuta abin da suka ji a Twitter da Reddit. Cikin daren sai labari ya bazu cewa an ji 'yan sanda sun ambaci sunan wani ɗalibin Jami'ar Brown, wanda ya ɓace tun watan Maris kuma iyayensa ke cigiyarsa, a matsayin ɗaya daga cikin maharan. 'Yan jarida masu suna suka ɗauka suka yaɗa. Aka dami iyalinsa da kiran waya, aka cika shafin cigiyar da suka buɗe da zagi har suka rufe shi. Kafin rana ta yi tsaka an bayyana sunayen maharan na gaskiya, babu nasa a ciki. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a kogi a birnin Providence, ba shi da wata alaƙa da harin. Waɗanda suka koma suka saurari naɗaɗɗen sautin daren ba su sami inda aka ambaci sunan nasa ba. Reddit ya nemi gafara a fili. A ranar farautar kuma rundunar 'yan sandan Boston ta roƙi jama'a su daina bayyana inda jami'ai suke, Broadcastify ya dakatar da tashoshin yankin na ɗan lokaci.

Abin lura a nan shi ne ƙarfin jimlar nan: an ji a rediyon 'yan sanda. Ita ce ta ba ƙarya rigar gaskiya. Mai sauraro yana ganin ya tsallake ɗan jarida da kakakin gwamnati ya sha daga bakin rijiya, alhali abin da ke yawo a wannan rediyo zato ne ɗanye. Wata mata ta buga waya a firgice ta ce ta ji harbi, mai karɓar kira ya taƙaita zancenta cikin kalmomi goma, ya miƙa wa jami'in sintiri. Jami'in ya isa ya tarar salansar mota ce ta yi ƙara. Gyaran yakan zo bayan minti ashirin, sau da yawa ta wata tasha dabam ko ta wayar hannu, lokacin da mai sauraro ya riga ya rubuta wa mutum dubu cewa ana harbi a unguwa kaza. 'Yan sandan kansu sun san maganarsu ta aiki ce, ta neman tabbaci. Wanda ke gefe ne yake mayar da ita sanarwa.

Wannan shi ne ainihin abin da aya ta 83 ta Suratun Nisa'i ta yi magana a kansa, inda aka zargi masu watsa duk wani labari na aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, maimakon su mayar da shi ga Manzo da ma'abota al'amari waɗanda za su iya tsamo haƙiƙarsa. Imam Muslim ya ruwaito sababin da ya dace da zancenmu ƙwarai. Jita-jita ta cika Madina cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya saki matansa, mutane suka taru a masallaci cikin damuwa. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, bai tsaya cikin masu maimaitawa ba. Ya je ya nemi izini, ya tambayi Manzon Allah da kansa, ya ji cewa bai sake su ba, sannan ya fito ya sanar. Masu jita-jitar ba maƙaryata ba ne. Sun ga wani abu na gaskiya, wato ƙauracewar da Annabi ya yi wa iyalinsa, suka ɗora masa fassarar da ba tasa ba. Haka kuma aya ta 15 ta Suratun Nur, a ƙissar ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai A'isha, ta siffanta mutane da karɓar labari da harsunansu, kamar maganar ba ta bi ta kunne da hankali ba, daga harshe sai harshe. Duk wanda ya ga yadda yatsa ke rubuta abin da kunne bai gama ji ba zai gane siffar. Ga kuma hadisin da ke cikin gabatarwar Sahihu Muslim, wanda ya nuna cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci.

To, shi sauraron kansa fa, leƙen asiri ne irin wanda aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana? Akwai kuma hadisin Bukhari mai tsoratarwa da narkakkiyar dalma a kunnen wanda ya saurari zancen mutane alhali ba sa so. A fahimtarmu, kuma fatawa ta malamai ce, sai an rarrabe. Zancen jami'in hukuma yana bakin aiki, a tashar da doka ta bari a buɗe kuma shi ma ya san ana ji, bai yi kama da hirar mutum biyu a bayan ƙofa ba. Sai dai cikin wannan zance akwai mutum na uku wanda ba a nemi yardarsa ba: matar da mijinta ya doka ta kira neman ɗauki, saurayin da ya yi yunƙurin kashe kansa, dattijon da ya faɗi a banɗaki, yaron da aka tsayar bisa kuskure. Waɗannan sun kira hukuma ne a ranar da ta fi kowace rana muni a rayuwarsu, ba su kira maƙwabta ba. Wanda ya kunna tashar unguwarsu don ya san gidan wa aka je yau, wannan bibiyar al'aurar mutane yake yi, ko doka ta yarje masa ko ba ta yarje ba. Al-Mawardi, a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki, bai ba ko mai hisba damar tonon abin da ke ɓoye ba, sai inda ake tsoron ɓarnar da ba a iya gyarawa bayan ta auku, kamar kisa. Idan an ɗaure hannun jami'in da aka naɗa haka, ina ga mai neman abin hira?

Kasuwa kuma ta gano cewa tsoro yana sayuwa. Manhajar Citizen, wadda ta fara fitowa a 2016 da sunan Vigilante kafin Apple ya cire ta daga rumbunsa, tana da ma'aikata masu sauraron rediyon 'yan sanda suna tura wa mutane gargaɗi a waya. A watan Mayun 2021, lokacin wata gobarar daji a Los Angeles, kamfanin ya watsa hoton wani mutum ya sa ladar dala 30,000 ga duk wanda ya taimaka aka kama shi. Jami'ai suka tsare shi, suka ga ba shi ba ne, suka sake shi, aka kama wani dabam. Kamfanin ya amsa kuskurensa, bayan hoton ya riga ya shiga wayoyin jama'a masu yawan gaske.

Da wannan kaɗai ne labarin, da sai mu ce a rufe tashoshin a huta. Rundunoni da yawa sun bi wannan hanya. Denver ta kulle rediyonta a 2019. A Oktoban 2020 ma'aikatar shari'a ta jihar Kalifoniya ta umarci rundunoni su kare bayanan mutane a rediyo, da yawansu suka zaɓi kulle komai. Rundunar New York, mafi girma a ƙasar, ta fara kulle tashoshinta daga wasu yankunan Brooklyn a 2023, tana kafa hujja da cewa masu laifi na sauraro don su tsere, wasu kuma na kutsawa cikin tasha da kiran ƙarya.

Amma Musulmin Amurka yana da dalilin da zai sa ya yi jinkirin tafawa. Wannan runduna ta New York ita ce kamfanin dillancin labarai na AP ya fallasa a 2011 cewa ta shekara da shekaru tana leƙen masallatai da gidajen abinci da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi ba tare da zargin wani laifi ba. Binciken ya ci lambar yabo ta Pulitzer a 2012, kuma an rushe sashen da ke wannan aiki a 2014. A unguwar Bronx, inda dubban Musulmin Afirka ta Yamma suke zaune, cikinsu har da Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya, ba a manta da Amadou Diallo ba, ɗan ƙasar Gini da 'yan sanda suka yi wa harbi 41 a ƙofar gidansu a 1999 ba ya riƙe da makami. 'Yan jaridar birnin kuma suna cewa kiran da aka ji a rediyo ne ya kai jaridar Daily News wurin da Eric Garner ya mutu a hannun 'yan sanda a 2014, har ta sami bidiyon da duniya ta gani. Idan rediyo ya yi shiru, labarin farko da na ƙarshe na kowane lamari zai fito ne daga bakin kakakin rundunar da ake tuhuma. Sitirin da Musulunci ya yi umarni da shi haƙƙin mai rauni ne. Hukumar da ke riƙe da bindiga da ikon tsare mutane amana ce a hannunta, kuma tun zamanin Halifofi shiryayyu an san cewa mai riƙe da amanar jama'a ana tambayarsa. Abin mamaki ne rundunar da ta ga dacewar sauraron huɗubar Juma'a a ɓoye ta ce ita kada a saurare ta.

Ga masu karatunmu na gida, ba a saba da irin waɗannan tashoshi ba, amma an saba da ɗan'uwansu: hoton siginar 'yan sanda ko takardar gargaɗin tsaro da ke ɓulla a WhatsApp, da hatimi da lambar fayil, tana cewa ana zargin za a kai hari kasuwa kaza. Irin wannan takarda, ko da ta gaske ce, rahoton zato ce da aka rubuta wa jami'ai don su bincika, kuma sau da yawa kwanan watanta ya wuce da shekara. Hatimin ne ke sa mai turawa ya ji ya sauke nauyin binciken da aya ta 6 ta Hujurat ta ɗora masa.

Mafita mafi kusa da adalci, a ganinmu, ita ce wadda wasu birane suka laluba: jinkiri. Shikago ta kulle rediyonta amma tana sakin sautin ga jama'a bayan minti 30, Baltimore kuma bayan minti 15. Ɓarawo ba ya amfana da labarin da ya yi rabin sa'a, kuma tarzomar yatsu takan ɗan lafa kafin sautin ya iso. 'Yan jarida sun koka cewa minti 30 ya yi yawa ga mai son gargaɗin jama'a game da harbin da ke gudana, kuma cewa jami'an birni na iya yanke wani sashe kafin su saki. Kokensu na da tushe, musamman na biyun, domin wanda ake sa wa ido bai kamata ya zama mai riƙe da almakashi ba. Jinkiri kuma bai warware matsalar matar da aka ambaci adireshinta ba. Wannan sai an canza yadda jami'ai ke magana, a mayar da sunaye da lambobin shaida zuwa kwamfutar mota ko waya, a bar rediyo ga abin da ya shafi jama'a. Rundunar sintirin manyan hanyoyin Kalifoniya ta zaɓi irin wannan tsari maimakon kulle komai, kuma birnin Palo Alto, wanda ya kulle rediyonsa a farkon 2021, ya sake buɗe shi a 2022 bayan ya tsara wa jami'ansa wasu hanyoyin aika bayanan mutane.